Babi na Bakwai: Giyar Rarrafe

Duk wanda ya taɓa zama a gaban tsohuwar Land Rover, wadda iyayenmu ke ce wa Landiroba, ya ga sanduna uku sun fito daga ƙasan motar kusa da ƙafar direba. Akwai doguwa mai baƙin kai, ita ce giyar da kowa ya sani. Akwai 'yar gajeruwa mai rawayan kai, wadda ake dannawa ƙasa idan ana so tayoyin gaba su kama aiki. Ta ukun mai jan kai ce, kuma ba a cika taɓa ta ba sai hanya ta ɓaci. Direba zai tsaya cak, ya taka kuloci, ya jawo ta baya har ya ji ta faɗa gurbinta. Daga nan motar ta sake hali. Injin na ruri kamar za a yi tsere, amma mai tafiya da ƙafa zai wuce ta yana ɓare gyaɗa. Ga nawa, ga kuma ƙarfin da zai hau da ita, da lodinta, tudun da jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara.

Direbobi da makanikai a Najeriya sukan ce an sa ogzilari. Sunan yana da rikici, domin wani in ya faɗe shi shigar da tayoyi huɗu kawai yake nufi, wani kuma rage gudun. A littafin nan zan riƙa ce mata giyar rarrafe. Kishiyarta, wadda ake tafiyar yau da kullum da ita, giyar gudu.

Su biyun ba a cikin giyabos ɗin da aka sani suke zaune ba. Akwai wani akwati na biyu a bayansa, wanda zan kira akwatin raba ƙarfi. Shi ne ke karɓar juyin da ya fito daga giyabos ya raba shi biyu, farfela ɗaya ta kai wa tayoyin baya, ɗaya ta kai wa na gaba. Kafin ya raba kuma, yana da hanya biyu da juyin zai bi a cikinsa: gajeriya ta gudu, da doguwa ta rarrafe. A doguwar hanyar nan akwai faifai biyu masu haƙora da suke cizon juna, kuma yawan haƙoransu ne ke yanke hukuncin yadda motar za ta yi nawa. Shekaru da dama ke nan masu son shiga daji da mota, daga Ingila zuwa Amurka zuwa Ostireliya, suna ciro waɗannan faifan daga wani akwati suna dasa su a wani.

Lissafin abin ba ya da wuya. Duk mai injin niƙa ya san shi, ko da bai taɓa rubuta shi ba: ƙaramin gare a jikin inji, babban gare a jikin maniƙa, bel ya haɗa su. Ƙaramin yana juyawa da sauri, babban a hankali, amma da ƙarfin da hannu ba zai tsayar ba. Masu ɗaukar kaya a babur ma sun sani, shi ya sa suke sa babban faifan sarƙa a tayar baya. In faifai mai haƙora 20 yana tura mai haƙora 40, sai ƙaramin ya juya sau biyu kafin babban ya cika juyi ɗaya. Gudu ya ragu da rabi, ƙarfin murɗawa ya ninka. A mota mai jan ƙafa huɗu ana yin wannan ragin sau uku a jere: a giyabos, a akwatin raba ƙarfi, sannan a aksul. Ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi da juna. Abin da ya fito shi ne yawan juyin da injin zai yi kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma wannan lamba ɗaya ta fi duk wata kwalliyar jikin mota faɗa maka abin da za ta iya a kan duwatsu.

Land Rover ta fara bayyana ne a bajekolin motoci na Amsterdam a watan Afrilun 1948, kuma a Solihull, kusa da Birmingham, aka riƙa ƙera ta. A samfurin Series II da ya fito a 1958, da farkon Series IIA da ya biyo baya a 1961, giya ta ɗaya tana rage juyi kusan sau 3.0, giyar rarrafe sau 2.89, aksul kuma sau 4.7. Ninka su, za ka samu 40 da 'yan kai. Sai a cikin shekarun 1960 injiniyoyin kamfanin suka ƙara wa giya ta ɗaya nauyi, ta koma 3.6, don motar ta ji daɗin tashi da lodi a hanyar yau da kullum. Da sun bar akwatin baya yadda yake, jimillar za ta haura sosai. Ba su bari ba. Suka sassauta giyar rarrafe daga 2.89 zuwa 2.35, lissafi ya dawo kusan 40 ɗin da aka saba. Series III da ta zo a 1971, aka ci gaba da yin ta har 1985, giyarta ta ɗaya 3.68 ce, rarrafenta 2.35, jimilla 40.6. Ka ga ke nan an yi kusan shekara talatin ana sauya haƙora a ciki, amma lambar ƙarshe tana nan inda take. Arba'in ita ce abin da Solihull ta ga ya dace da manomin Ingila mai jan tirela a cikin taɓo, da soja, da ɗan sanda, da likitan dabbobi, duk a mota ɗaya.

To, me zai hana mutum ya haɗa sabuwar giya ta ɗaya da tsohuwar giyar rarrafe? Ninka 3.68 da 2.89 da 4.7. Amsar 50 ce, ba tare da an sayi wani abu da ba na Land Rover ba, kuma ba tare da an taɓa giyar gudu ba, domin ita 1.15 take a tsoho da sabo. Sai dai akwai sharaɗi. Kamfanin yana buga harafi a ƙarshen lambar kowane giyabos don nuna zubin da aka yi shi. A zamanin Series IIA, masu harafin A da waɗanda suka gabace su suna da 2.89, amma sandar da faifan tsakiya ke juyawa a kanta siririya ce, ba ta dace da ramin sabon akwati ba. Daga harafin C zuwa gaba sandar ta yi kauri, amma rarrafen ya koma 2.35. Harafin B ne kaɗai ya haɗa biyun, sanda mai kauri da tsohon lissafi, kuma bai daɗe ana yin sa ba. Shi ya sa masu tsofaffin motocin nan ke farautarsa kamar ƙwan zabuwa a daji.

Ni ma na taɓa shiga wannan farautar. Muna da wata Series III doguwa da kawuna ya bari a gona, wadda ke kwaso amfani daga wani kwari mai hawan dutse. Duk kaka sai ta ci kuloci. Wani dattijon bakanike a Jos, wanda ya fara riƙe sifana tun ana En'e, shi ya ba ni labarin harafin B. Bayan 'yan watanni aka aiko mini cewa an ga irinsa a wurin wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci. Na ɗauki dattijon da yaronsa muka tafi.

Giyabos ɗin yana kwance a ƙarƙashin wata rumfar kwano, ƙasa da baƙin mai sun yi masa riga. Yaron ya kankare wurin lambar da tsinken waya, ya tofa yawu ya goge da babban yatsa. Harafin ya fito. Ni har na fara laluben aljihu.

"Baba, ai ga shi nan, B ne ɓaro-ɓaro," na ce.

"Malam, harafi a jikin akwati yake," in ji shi. "Mu haƙora muka zo saya."

Ya ciro guntun alli daga bayan kunnensa. Ya ja layi a kan sandar gaba, wadda ke shiga kuloci, ya ja wani a kan faifan baya inda farfela ke ɗaurawa. Ya sa babbar giya a lamba huɗu, domin a motocin nan giya ta huɗu ba ta ragi ba ta ƙari, yadda juyi ya shiga haka yake fita. Sannan ya tura akwatin baya cikin rarrafe, ya ce wa yaron ya riƙa murɗa sandar gaba yana ƙirgawa da ƙarfi, shi kuma ya tsuguna yana kallon layin baya. Yaron na ƙirga, dattijon na lanƙwasa yatsa duk lokacin da allinsa ya zagayo sama. Da yatsa na goma ya lanƙwashe sai ya ɗaga hannu.

"Nawa?"

"Ashirin da uku da rabi, Oga."

Da haƙoran B ne a ciki, da sai yaron ya kusa kai 29. Mai kayan ya rantse cewa yadda ya saye shi haka ya ajiye, bai taɓa kwance ko noti ɗaya ba, kuma na yarda da shi. Akwatin da ya haura shekara arba'in a ƙasar da ba a zubar da ƙarfe ya bi ta hannun makanikai da yawa. Wani a cikinsu, wata rana, ya ga haƙora sun cinye, ya zuba waɗanda ya samu. Mun samu abin da muke nema daga baya, a cikin wani akwati da ya tsage har ba mai kallonsa, kuma kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba.

Aikin dasawar kansa ba ya bukatar wata na'ura ta musamman, haƙuri yake ci. Ana zubar da man, a kwance farfela, a cire gangar birkin hannu, wadda a motocin nan a bayan akwatin take ba a taya ba, sannan a buɗe faifan ƙasa. In aka zare sandar tsakiya, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi zai sauko hannunka. Duba shi da kyau, domin shi ne zuciyar akwatin. Layin haƙora biyu ne a jikinsa: babba mai karkatattun haƙora, na gudu, da ƙarami mai miƙaƙƙun haƙora, na rarrafe. Miƙaƙƙun nan su ne ke yin kukan da kowa ya san Land Rover da shi in tana hawan tudu. A kan sandar fita kuma akwai babban faifan da ke zamewa gaba da baya, wanda jan kan nan ke turawa. Shi ne abokin cizon ƙaramin layin.

Dole a sauya su tare. Tazarar da ke tsakanin sandunan biyu a jikin akwatin take, ba ta matsawa. In ƙaramin ya rage girma, sai babban ya ƙara daidai gwargwado kafin haƙora su haɗu. Ko da girman ya zo ɗaya ma, faifai biyu da suka shekara talatin suna cizon juna sun saba da bakin juna, kuma in ka raba su ka haɗa kowanne da baƙo, kuka za su yi ta yi har su cinye. Boris ɗin cikin dunƙulen da wasoshin gefensa sababbi ake sawa. Sandar tsakiya a shafa ta da farce, in an ji gurzuwa ko ƙananan ramuka a nemi wata. Wasan da ake bar wa dunƙulen ya yi gaba da baya bai wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, kuma da siraran wasoshi ake daidaita shi. A nan ne aikin gaggawa ke tona asirin mai shi. Dattijon nan ya sa dunƙulen ya fitar sau huɗu kafin ya gamsu, ni kuwa ina tsaye ina duba agogo.

Me aka samu bayan duk wannan? Ko doki ɗaya ba a ƙara wa injin ba. Mai fetur ɗin nan na lita 2.25 dokinsa 70 da 'yan kai ne, mai dizal kuwa wajen 60, kuma haka suke kafin aiki da bayansa. Abin da aka saya nawa ce. Tayar 7.50-16 da dogayen motocin ke sawa tana cin kusan mita biyu da rabi a juyi ɗaya. In injin na juyi 1,000 a minti, a lissafin 40 motar tana tafiyar kilomita 3.7 a awa. A lissafin 50, kilomita 3. A takarda bambancin kamar abin dariya ne. A kan hawan da duwatsu suka yi tsiri-tsiri, da lodi a baya, shi ne bambanci tsakanin direban da ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya daga kuloci ya bar motar tana taka dutse ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya riƙe kuloci rabi da rabi don kada injin ya mutu kuma kada motar ta yi tsalle. Na biyun shi ne wanda kake jin warin ƙauri daga motarsa tun kafin ta iso.

Gangara ma haka, ko ma fiye. Tsofaffin motocin nan birkin ganga gare su a ƙafa huɗu, kuma in ya yi zafi a doguwar gangara sai ka taka ka ji kamar ka taka soso. A giyar rarrafe injin ne ke riƙe motar, kuma ƙarin kusan kashi 23 cikin 100 da aka samu a hawa shi ake samu a riƙon. Wanda ya san tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda har yanzu tsofaffin Land Rover ke jigilar mutane da kaya tsakanin Gembu da ƙauyukan da ke wajen iyakar Kamaru, ya san abin da nake nufi. Tsaunin ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 1,000, saboda iska ta yi shara-shara. Injin da ya ragu a ƙarfi, ga lodi, ga hanyar da damina ta zaizaye: irin wurin da haƙoran B ke biyan kuɗinsu ke nan.

Amma ƙarfin da aka ninka ba ya tsayawa a akwatin. Yana bin farfela ya shiga aksul, ya bi siraran sandunan da ke kai juyi ga kowace taya. A yawancin Land Rover na zamanin, sandunan baya tsaga goma gare su a baki, kuma sun yi suna wajen karyewa ko da ba a taɓa komai ba. Dogayen Series III sun ɗan tsira, domin an sa musu aksul ɗin Salisbury mai ƙwari a baya. Yawanci ba a tafiyar hankali sandar ke karyewa ba. Taya ce za ta ɗaga sama tana juyawa a banza, direba ya ƙara totur, sai ta sauko ta cafki dutse farat ɗaya. Ƙara ɗaya za ka ji, kamar an karya rake. Wanda ya sauya haƙora bai sauya ƙafarsa ta dama ba, ya tanadi sanda ta biyu a bayan kujera. Kuma kada a manta, a motocin nan jan kai yana shigar da tayoyi huɗu da kansa, ba kuma abin da ke sassauta tsakanin gaba da baya. A kan kwalta, inda taya ba ta samun zamewa, ƙarfen ciki ne ke murɗewa a madadinta.

Akwai kuma ƙasar da wannan gyara ba ya yi mata amfani ko kaɗan. Direbobin da ke tashi daga Agadas su ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma a Hilux da Land Cruiser ba nawa suke nema ba. Yashi yana son a rage iskar taya ta baje, a kuma riƙe gudu kada ya yanke. In ka sa giya ta ɗaya ta rarrafe a yashi mai laushi ka taka, tayoyin za su haƙa wa kansu rami, motar ta zauna a kan cikinta. Haka firgin Borno da damina, baƙar lakar da ke cika zanen taya ta mai da ita sulɓi. A nan so ake taya ta juya da sauri ta watsar da lakar. Sabon lissafin kuma yana rage gudun duk giyoyin rarrafe, ba ta ɗaya kaɗai ba. A giya ta huɗu, injin na juyi 3,000, motar da ke yin kilomita 41 a da za ta koma 33. Mai aiki a fadama ko a rairayi ya bar akwatinsa yadda Solihull ta rufe shi.

Ba masu Land Rover kaɗai suka gano wannan dabara ba. A Amurka, motocin Jeep na farar hula sun daɗe da akwatin Dana 18 mai rarrafen 2.46. A 1972 aka koma Dana 20, wanda ya fi shiru a kan titi amma rarrafensa 2.03 ne kacal. Da yake zubin akwatunan biyu ɗan gida ɗaya ne, makanikai suka riƙa haɗa haƙoran tsohon da wasu daga Ford Bronco ta farko suna zubawa a sabon, su dawo da 2.46 ɗinsu.

Na Suzuki ya fi ba ni sha'awa, domin a can ba dasawa kawai ake yi ba, har da fiɗa. Ƙaramar SJ410 ta 1981, mai injin lita ɗaya, akwatinta 1.58 ne a gudu, 2.51 a rarrafe. Ƙanwarta SJ413, wadda aka sayar a Amurka da sunan Samurai, 1.41 ce da 2.27. Kowanne shi kaɗai ba wani abin a zo a gani ba ne. Sai wasu masu ƙirga haƙora suka lura cewa in an yanke wani layi daga dunƙulen ɗaya a kan injin sassaƙar ƙarfe, aka dasa a na ɗayan aka yi walda, rarrafen zai faɗi har 4.16. Suka laƙaba wa haɗin suna Rock Lobster. Giyar gudu ma tana sauka da kusan kashi 12 cikin 100, abin da ya zo daidai ga waɗanda suka sa manyan tayoyi, domin babbar taya tana cinye ƙarfin ƙaramin inji. Sai dai rayuwar haɗin duka a kan waldar nan take. In mai waldar ya kauce da kaurin gashi, faifan zai riƙa rawa, in kuma ya ƙona ƙarfen, haƙoran sun rasa taurinsu.

Daga nan abin ya zama kasuwa. Da yawa daga ƙananan a-kori-kurar Toyota masu silinda huɗu na 1979 zuwa 1995, dangin Hilux, suna da akwati mai haƙora zalla, rarrafensa 2.28. Da giya ta ɗaya 3.95 da aksul 4.10, jimillarsu kusan 37. A shekarun 1990 wani kamfani a Fresno ta jihar Kalifoniya, Marlin Crawler, ya yi suna da abu biyu: haƙoran 4.70 da ake zubawa a akwatin bayan an ɗan goge cikinsa don babban faifan ya samu wuri, da kuma farantin da ke ba da damar jera akwati biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Mai 4.70 kaɗai ya kai 76. Wanda ya jera 2.28 da 4.70 ya haura 170, wato ƙasa da kilomita ɗaya a awa in injin na juyi 1,000. Direba zai iya sauka ya zagaya ya duba tayarsa motar tana tafiya. Wannan duk don wurare irin su hanyar Rubicon a tsaunukan Sierra Nevada da duwatsun Moab a Utah ne, inda mutane ke kashe hutunsu suna hawa da mota kan duwatsu masu girman ɗaki. Kamfanin Jeep da kansa ya bi sahu a 2003, ya fito da Wrangler Rubicon mai rarrafen 4.0 daga masana'anta. Ba na raina wasan, domin ya koya wa kowa abubuwa da yawa game da ƙarfe. Amma wasa ne. Motar da ke kai mara lafiya asibiti ko ke fito da dankali daga kwari ba ta da aikin yi da 170. Tsakanin 50 da 70 ya ishe ta har da saura.

Masu Defender kuwa matsalarsu a juye take. Akwatin LT230, wanda doguwar One Ten ta 1983 da Defender da Discovery na farko suka yi amfani da shi, rarrafensa kusan 3.3 ne a duk inda ka same shi, kuma ba mai kuka da shi. Giyar gudu ce ta bambanta: wajen 1.2 a Discovery, 1.4 a yawancin Defender, fiye da 1.6 a wasu na soja da masu ƙaramin injin dizal. Don haka su gudu suke musanya, mai yawan tafiyar kwalta ya ɗauko akwatin Discovery don injin ya daina ihu. Sababbin motoci kuma sun kusa rufe wannan ƙofa. A Hilux ta yanzu da takwarorinta sarƙa ce ke kai juyi gaba, ragin kuma wasu ƙananan faifai ne da ke zagaya na tsakiya a cikin zobe ɗaya, maɓalli da 'yar motar lantarki ke shigar da su. Ba a ciro biyu daga irin wannan a haɗa da na wani akwati. Ko dai a sayi cikakken zubi da aka ƙera don shi, ko a haƙura.

Motarmu ta gona ta yi kaka shida bayan aikin ba ta nemi kuloci ba. Kukanta a hawa ya ɗan ƙaru, kuma yaran da ke bin ta a ƙafa sukan riga ta isa kan tudu.

In ka yi irin wannan aiki, cika akwatin da man giya mai lamba 90 har ya fara tsiyaya daga ramin gefe. Bayan tafiyar mako biyu ko uku, zubar da shi tun yana da ɗumi a cikin farin kwano, ka kai rana ka karkata. Ƙyalli mai laushi kamar garin kwalli ba komai ba ne, haƙora ne ke sabawa da sabon gida. In ka ga ɓarɓashin da yatsa ke iya ɗauka, kada motar ta sake hawan tudu sai an buɗe faifan ƙasa an duba.